Zobe a Gindin Kwanso

A Mamfe na san Bulus, ba a gida ba, duk da cewa tsakanin Yara, unguwarmu a Keffi, da Garaku, garinsu, ba wata tafiya ba ce. Motarmu ce ta kafe a taɓo bayan mun shiga Kamaru, aka ce kowa ya sauko a tura. Ina turawa ina surfa wa direba zagi da Hausa, a zatona babu mai ji, sai wani dogo daga bayana ya ce, "Haba bawan Allah, ka rage wa uwar direba mana. Ba ita ta yi ruwan sama ba."

Na waiwaya na ga mutum taɓo har gwiwa, yana dariya, ya ɗaure Littafi Mai Tsarki cikin leda ya ɗora a ka don kada ya jiƙe. Tun daga ranar nake ce masa Fasto, shi kuma yana ce min Liman, alhali shi bai taɓa hawa mumbari ba, ni ko ladanci ban taɓa yi ba.

Sunana Tanimu. Ɗan maƙeri ne ni, na taso na koyi walda. Lokacin da aka ba mu jiha, Abuja kuma ta fara tumbatsa tana zubo mutane Mararaba da Masaka, ƙofofin ƙarfe nake yi, har ina zaɓen aiki. Sai aikin faɗaɗa hanya ya cinye shagona. Kowa ya ce in tafi Abuja in kama aiki a wurin wani, na ce ni ba zan zama yaron shagon wanda na koya wa sana'a ba. Girman kai rawanin tsiya. Shi ya kai ni hannun Oga Sale, dillalin da ya ce wani kamfanin katako a dajin Kwango yana neman masu walda. Bulus kuwa ya yi karatun malanta, ya gaji da jiran a ɗauke shi aiki, ya gaji da noman doyar babansa. Shi an ce masa sito zai riƙe.

A Yawunde Oga Sale ya damƙa mu a hannun wani direban babbar mota, ya ce mu jira shi ya sayo burodi. Har yau bai dawo da burodin ba. Na zage shi iya ƙarfina a tsakiyar tasha, Bulus yana tsaye yana taya ni da "amin" a duk inda ya ga zagin bai yi muni sosai ba.

A Bartuwa zazzaɓi ya kayar da ni. Direba ya ce shi ba zai ɗauki gawa ba, kwana ɗaya zai yi, in ban tashi ba ya wuce. Wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da kindirmo a bakin tasha ta ji muna Hausa, ta matso ta tambaye mu daga ina. Da Bulus ya ce Keffi, sai ta ce kakanta ya taɓa shan ruwan rafin Antau da shanunsa. Ta dama min fura, ta jiƙa min wani ganye mai ɗaci kamar mutuwa, ta ce wa Bulus, "Riƙe masa kai, ɗana, wannan da ganin bakinsa zai yi gardama." Na sha ina kuka. Ba ɗacin ba ne ya sa ni kuka, sunan Antau ne da na ji a bakin baƙuwa. Ban tambayi sunanta ba, wannan yana damuna har yanzu.

Daga Yokaduma sama ta ƙare. Mutumin Keffi ya saba ya ɗaga kai ya hangi dutse da gona da hadari tun yana nesa. A can itatuwa sun haɗe a bisa kanmu, rana sai ta yi tsaka take leƙowa, komai a jiƙe yake, har gishiri. Muka ƙetare wani kogi a kan kwalekwale, muka isa sansanin katako. Nan muka gane abin da Oga Sale ya sayar. Ba mai walda suke nema ba, ba mai sito ba. Masu gadi suke so, baƙi waɗanda ba su da dangi a yankin, don kada su haɗa baki da ɓarayin man injin. Muka tarar da 'yan Najeriya uku da aka yi wa irin tamu, cikinsu har da Isa, wani Bafulatani daga Gitata. Mu biyar muka zama rukuni ɗaya, aka ba kowa bindiga da lambarta rubuce da farin fenti a jikin ƙotarta.

Tsofaffin bindigogin soja ne, waɗanda in ka ja kunama sau ɗaya su harba ɗaya, su tofar da kwanso, su ɗora wani harsashin da kansu. Mai kula da su wani tsohon sojan Cadi ne, Baba Adum, mai Hausa haɗe da Larabci. Ba shi da babban yatsan hannun hagu, kumatunsa kuma ɗige-ɗige ne baƙaƙe kamar an watsa masa gero. Ya kalli tafin hannuna, ya ga tabon wuta, ya ce, "Kai maƙeri ne. Zo nan." Haka na zama mai taya shi a 'yar rumfar kwanon da ake ajiye makamai.

Baba Adum ba ya barin kowa ya kwance bindiga. Shi kaɗai yake wanke su, ya shimfiɗa buhu, ya ɗauko ɗaya, ya kwance, ya wanke da kananzir, ya shafa mai, ya ɗaura, ya jingine, sannan ya ɗauko wata. Yini guda yake yi a kan abin da ni zan gama kafin shayi ya tafasa. Na ɗauka nawar tsufa ce.

Duk ranar Asabar da safe ana duba mu, sannan kowa ya harba 'yan harsasai kan wani tsohon duro. Aikina in bi in tsince kwansunan tagulla in zuba a bokiti in kai masa. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana juya su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, kamar mai tsintar shinkafa.

Wata rana na ce, "Baba, abin da aka riga aka harba, me kake nema a jikinsa?"

Ya ce, "Yarona, bindiga ba ta magana. Kwanso ne ɗan aikenta."

Ya ɗauko bindiga ya buɗe ta, ya nuna min makwancin harsashi a gindin bututu, da sandar ƙarfen da ke tura harsashi ciki ta tokare shi ta baya. Mu sakata muke ce mata, don aikinta ke nan, irin na sakatar ƙofa. Ya ce tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi akwai 'yar rata, wadda ido ba ya gani. Dole a same ta, amma in ta wuce ƙa'ida an shiga uku. Da an harba, gaban kwanso zai manne da bangon makwancinsa, gindinsa kuma ya ja da baya yana neman sakata. Sai tagullar ta miƙe, ta yi siriri a wuri ɗaya, kamar tsohon zane da ake ja ta gefe biyu.

Ya zaro wani tsohon kwanso daga aljihu. Sama kaɗan da gindinsa akwai wani zobe mai haske, siriri, ya kewaye shi. Ya lanƙwasa bakin waya ya ce in zura ciki in ja a hankali. Na ji wayar ta faɗa wani ɗan kwari daidai inda zoben yake.

"Ka ji?" in ji shi. "Wannan ita ce sallamar bindiga. Ba ta fashewa sai ta yi sallama. In ba a amsa ba, wata rana kwanso ya tsinke a nan, wuta ta biyo baya." Ya shafa kumatunsa da hannun da ba yatsa.

Yana da geji, wani ɗan ƙarfe mai siffar harsashi marar kai. In an sa shi a makwanci sakata ta rufe a kansa, to ratar ta yi yawa, bindiga ta mutu. Nasa ne na kansa, tun zamanin soja, a cikin 'yar jakar fata yake rataye shi a wuya. Ya ce zai koya min sauran abubuwa in ruwa ya ɗauke.

Ruwa bai ɗauke ba ya rasu. Na raka motocin katako zuwa bakin kogi, na dawo na tarar an binne shi. Waɗanda suka yi masa wanka sun ga jakar fata a wuyansa, suka ɗauka laya ce, suka sa a akwatinsa. Wani ɗan kasuwa da ke tafiya arewa ya ɗauki akwatin ya kai wa iyalansa. Na tsaya a kan kabarinsa, jar ƙasa jiƙaƙƙa, ganye na ɗigo mata ruwa, na ji tsoron kada ni ma a nan za a bar ni.

Manaja ya miƙa min mabuɗin rumfa. Ya ce daga yau kowa ya wanke bindigarsa ranar Juma'a, don Asabar a gan ta fes. To, mu huɗu Musulmi ne, masallacin Juma'a kuma yana ƙetaren kogi, a wani ƙauyen fatake Hausawa. Zuwa da dawowa yini ne, kuma nan kaɗai muke jin kiran salla, mu ci tuwo, mu ji kamar mutane. Muna cikin gunaguni Bulus ya ce, "Ku tafi abinku. Ku bar min su, ni zan wanke. Ran Lahadi ku riƙe min gadi in je coci. Shi ke nan, ba wahala."

Na nuna masa a kan bindiga ɗaya yadda ake kwancewa da ɗaurawa. Kansa na ja, sau biyu ya gani ya iya. Duk Juma'a da yamma sai mu dawo mu tarar da su a jingine suna ƙyalli, shi kuma yana zaune yana rera waƙar cocinsu da yaren Mada. Mukan riƙo masa ƙosai. Isa ya ce, "Wallahi Fasto, da za a raba ladan Juma'ar nan, da kai ma ka samu kashi." Bulus ya ce a ajiye masa, zai karɓa a dunƙule.

Ba a yi wata guda ba na ga zoben.

Ina zaune a bakin ƙofa, inda Baba Adum yake zama, ina juya kwansuna, sai ga shi yana haske a hannuna. Na zura waya, ta faɗa kwari. Na zazzage bokitin na sami wasu 'yan uwansa. Ɗan ƙarfen da ke tsakiyar gindinsu ma ya ɗan turo waje. Bindiga ɗaya cikin biyar ta yi sallama, ban san wacce ba, domin duk a bokiti ɗaya na tara su.

Asabar ta gaba na raba mutane nesa da juna, na shimfiɗa wa kowa buhu a damansa inda kwanso zai faɗa. Lamba huɗu ce, ta Isa. Na ɗaura mata jan ƙyalle na tafi wurin Manaja. Ta bakin tafinta na ce a ajiye ta, a sayo geji. Ya ce bindiga ba ta isa ba, Isa ya riƙe ta a bakin get ba harsashi, don ido. Geji kuwa gobe. Kalmar Faransanci ta farko da na haddace ke nan, gobe, domin ita ce amsar komai a wurin mutumin nan.

Na kwanta da daɗi, na ce na kama ɓarawo. Sai Asabar ta zagayo, lamba huɗu ba ta harba ba, amma zobe ya fito a buhun lamba ɗaya.

Na ce to, biyu ne suka lalace. Don in tabbatar, na ɗaure lamba huɗu a jikin kututture, na ja kunamarta da igiya daga bayan itace. Kwansunan suka fito sumul, ko alama babu. Na juya su a rana har idona ya yi ruwa. Ƙarfe ba ya warkewa. Ni ɗan maƙeri ne, na san abin da ya ci ba ya komawa. Amma ga bindigar da ta yi sallama makon jiya yau lafiyarta ƙalau, ga wadda take lafiya ta kamu.

Na mayar da jan ƙyalle kan lamba ɗaya. Mako ya zagayo, zobe ya koma lamba biyar.

Isa ya same ni a rumfa, ya ƙi shigowa, ya tsaya daga waje. Ya ce, "Tanimu, ka lura da abu ɗaya? Duk zamanin tsohon nan ba a taɓa ganin wannan ba. Yana rufe ido ya fara. Bai tafi ba. An raba shi da layarsa, yana bin bindigogin ɗaya-ɗaya yana nema."

Na ce masa ba laya ba ce, geji ne, kuma ya ji tsoron Allah. Amma bayan ya tafi na kasa zama a kan kujerar. Rumfar tana warin tabar da Baba Adum ke taunawa, da rana tsaka, alhali na share ta na wanke. In na rufe ido a sujada zoben nake gani. Na fara ganinsa a bakin kofin shayi, a gindin fitila, a idon kifin da ake dafa mana. Na auna bututu da duk abin da hannuna ya kai, na leƙa makwancin kowace bindiga da madubi, na zargi harsasai, na zargi damina. Abu ɗaya ne bai zo min a rai ba, domin ban taɓa ganinsa da idona ba.

Na koma wurin Manaja na ce a daina harbin Asabar gaba ɗaya sai geji ya zo. Ya ce ƙarar Asabar ita ke hana ɓarayi zuwa, kuma ni da kaina na ce bindigar ta warke. Na ɗaga murya, tafinta ya ƙi fassara rabin abin da na faɗa. Aka fito da ni.

Bulus ba ya son bindiga. Da farko in zai harba rufe ido yake yi, muka yi ta yi masa dariya, muna cewa ba addu'a aka sa shi ba, har ya daina. Ran nan da yamma ya ce min, "Liman, gaskiya tsoro nake ji. Wannan abin naka mai yawo, ya taɓa zuwa tawa?"

Na ce, "Lamba biyu? Ko sau ɗaya. Duk ta fi su lafiya." Gaskiya na faɗa masa, a ranar haka take.

Asabar ɗin an tashi da rana, abin da ba a saba ba. Bulus ya harba na farko, na tsuguna na ɗauki kwanson daga buhunsa, yana da zafi. Kafin in juya shi a haske ya harba na biyu. Na ga zoben, na buɗe baki, ya ja na uku. Ƙarar ba irin wadda muka sani ba ce, gajeriya ce mai nauyi. Gidan harsasai ya fice ya daki ƙasa, hayaƙi ya fito ta inda bai kamata ba. Bulus bai yi ihu ba. Ya ajiye bindigar a hankali, kamar ta wani ce ya aro, ya zauna a ƙasa, hannayensa biyu a fuska. Ya ce, "Liman, hadari ne ya taso?"

A kusa da ƙafarsa na tsinci gindin kwanson, ya yanke tas daidai kan zoben. Sauran yana maƙale a cikin bututu.

A asibitin mishan, tafiyar yini a bayan motar katako, wata sista ta yi ta cire masa ɓarɓashin tagulla daga fuska. Idon dama ya tafi. Na hagu, ta ce, zai riƙa ganin haske da inuwa, wataƙila fiye da haka in Allah ya so. Ta ba ni tabarma a gefen gadonsa, ta kuma nuna min gabas ba tare da na tambaya ba. Kamfani ya ce zai mayar da shi gida, amma ruwa ya cinye wata gada a hanyar arewa. Dole muka koma sansani jiran a gyara.

Juma'ar farko bayan dawowarmu na ce ba zan ƙetare kogi ba, zan zauna da shi. Su Isa suka tafi. Yana zaune a bakin rumfa da bandeji a fuska, sai ya ce, "Ina bindigogin? Yau ba Juma'a ba?"

Na ce ya bari, zan yi.

"A'a. Ido ne ya tafi, ba hannu ba. In na zauna haka zan haukace. Kawo su, ka kawo min bahona."

"Wane baho?"

"Na bayan kicin mana, shuɗin nan. Da shi nake yi."

Na kawo. Ya sa na zuba kananzir. Ya lalubi ta farko, ya kwance ta da yatsunsa tsaf, ya zare sakata ya jefa a baho. Ya ajiye gangar jikin a gefe, ya miƙa hannu ya ɗauko ta biyu. Ya zare sakatarta ya jefa a bahon. Ta uku haka, ta huɗu haka. Ya zura hannu yana cuɗa su yana rera waƙarsa a hankali, ƙarfe na bugun ƙarfe.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Fasto, kullum haka kake yi?"

"Eh mana. A gidanmu wa ke wanke kwano ɗaya-ɗaya? Ɓarnar kananzir. Ai duk 'yan gida ɗaya ne." Ya tsamo wadda hannunsa ya fara kaiwa, ya goge, ya zura ta a bindigar da ke kusa da shi. Ta shiga lafiya lau, kamar tata.

Sai na ga Baba Adum a kan buhunsa, bindiga ɗaya a gabansa, ba ya ɗauko wata sai ya jingine wannan. Ba nawar tsufa ba ce. Kowace sakata da bindigar da ta tsufa a cikinta, sun ci juna sun daidaita. Na je na ciro sakatar da ke cikin bindigar da ta fashe, na jera ta da sauran a kan gilashi. Inda take tokarewa ya ci fiye da na 'yan uwanta, kaɗan ne, sai ka sa farce kake ji. A gidanta wataƙila da ta ƙara shekaru ba ta cuci kowa ba. Amma duk Juma'a tana shiga baho ta fito a gidan wani. Ba aljani ba ne, ba fatalwa ba. Alherin Bulus ne yake yawo da ita, yayin da mu muke ƙetaren kogi muna salla.

Ban gaya masa abin da na gano ba. Na kwashe sakatun na zuba a aljihu, na gaya wa Manaja babu mai harbi sai na gwada kowace da igiya na mayar da ita inda ta dace, in ya ga dama ya kore ni. Wannan karon bai ce gobe ba. Na gwada, na buga wa kowace sakata lambar bindigarta da kurfi da guduma.

Gada ba ta gyaru ba, wata Juma'ar ta zo. Na yi tunanin in ce masa an hana. Amma wankin nan shi kaɗai ne abin da yake jira duk mako, kuma in na bar shi da baho, gobe Isa ne ko wani. Na samo gwangwanayen madara huɗu, na zuba wa kowane kananzir, na jera a gabansa, kowane kusa da bindigarsa. Na kama hannunsa na ɗora a kan na farko.

Ya shafa bakin gwangwanin da yatsa, ya zagaye. Ya lalubi na biyu, na uku, na huɗu.

"Ina bahon?"

"Ya huje."

"Baho bai huje ba, Tanimu." Tun Mamfe bai taɓa kiran sunana ba. "Ni malamin makaranta ne, ko ban koyar ba. Faɗa min."

Na ce, "Kowace sakata da bindigarta, Bulus. Ba a haɗa su. Ɗaya ta ci, ita ce take yawo da zoben. Ni ma ban sani ba."

Ruwa yana ɗiga daga kwano, can nesa injin yankan katako na kuka. Ya ce, "Ran da ta je wurin Isa fa?"

"Ita ce."

"Da lamba ɗaya. Da biyar."

"Ita ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, na gode wa Allah da ta gane mai ita." Sannan ya ɗauki ta farko ya kwance, ya wanke, ya ɗaura, ya jingine, ya ɗauko ta biyu. Har ya gama bai yi waƙa ba, kuma ban sake jin ya yi ba.

Da aka gyara gada na biyo shi, ban tsaya ƙarasa kwantiragi ba. A Bartuwa na nemi tsohuwar mai kindirmo, aka ce sun tashi da shanu. A Garaku mahaifiyarsa ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta tambaye ni, "Ɗana, me ya same shi?" Na ce tsohuwar bindiga ce, Mama. Bulus bai gyara min ba.

Keffi ta cika yanzu, ɗalibai da ma'aikatan Abuja sun mamaye har inda muke farautar gafiya. Na sake buɗe shago a bakin sabuwar hanya, ina ta ƙofofin ƙarfe, kowace da sakatarta. Gindin kwanson nan yana cikin aljihun tebur, ban san me ya sa ban yar ba. Bulus ya yi aure, yana koyar da yara a cocinsu, yana ganin hanya in rana ta fito sosai. Duk Juma'a yakan hau mota daga Garaku ya sauka a ƙofar shagona kafin azahar. Ya ce, "Liman, tafi abinka, ina nan."

Nakan bar shagon a hargitse da gangan: guduma a ƙasa, ƙusoshi a warwatse, kwanon da na ci abinci a kan benci. Ina so wata rana in dawo in tarar ya tattara ko abu ɗaya ne, in yi masa faɗa, mu yi dariya. In na dawo daga masallaci da ƙosai a leda, sai in same shi inda na bar shi, fuskarsa wajen haske, hannayensa biyu a matse tsakanin gwiwoyi. Bai taɓa komai ba.